Rajistar Bindigogin Unguwar Bukkoki

Ƴaƴana, na san abin da kuka ji game da ni da Amumun, domin Arlit ba ta da faɗin da magana za ta ɓace a cikinta. Wasu sun gaya muku cewa na sayar da maƙwabcina ga hukuma. Wasu kuma, masu son kwantar muku da hankali, sun ce ba ni da laifi ko kaɗan, ƙaddara ce kawai. Duka biyun ba su faɗi daidai ba. Saboda haka zan rubuta al'amarin yadda ya gudana, ba zan rage wa kaina nauyi ba, ba kuma zan ɗauki abin da ban aikata ba.

Shekarar da nake nufi ita ce wadda kamfanin ma'adinai ya sallame mu. Kasuwar uraniyom ta faɗi a ƙasashen da suke saye, sai aka shiga rage ma'aikata rukuni bayan rukuni, har abin ya iso kaina. Ni magazinye ne, wato mai kula da ɗakin ajiyar kayan gyaran injuna, kuma duk tsawon aikina ba a taɓa neman ƙusa ɗaya an rasa inda na rubuta ta ba. Wannan hali ba a kamfani na koye shi ba. A makarantar Fada ta Damagaram, inda mahaifina ya kai ni ko da yake mu Musulmi ne, akwai malamin da yakan ɗora ganye ɗaya a kan tebur ya ce mu zana shi. Wanda ya bar jijiya ɗaya bai fitar ba, sai a yage takardarsa a gabansa a miƙa masa sabuwa, ko da za a yi haka sau goma. Na fito daga hannunsa da imanin cewa duk abin da ido ya gani dole ne hannu ya rubuta, kuma na yi alfahari da wannan fiye da yadda ya kamata.

Da aka karɓe makullin gidan kamfani, muka koma unguwar Bukkoki, ni da mahaifiyarku Rabi da ku huɗu, cikin ɗakuna biyu na laka da aka rufa da buɗaɗɗun ganguna. Damina uku a jere Abzin bai ga ruwan kirki ba. Makiyaya suna shigowa gari da ragowar awakinsu, suna kafa bukkokin tabarma a bayan namu. A cikin duwatsu kuma tawaye ya tashi, mota ba ta zuwa Agadas sai a kwamba, da soja gaba da baya. Mutanen da suka yi shekaru suna aiki a rami ɗaya suka fara sassauta murya idan ɗayansu ya iso, gwargwadon ko rawani ne a kansa ko hula.

Amumun shi ne maƙwabcinmu na gabas. Ba'abzine ne daga wajen Gugaram, ya yi tuƙin manyan motocin kamfani har aka sallame shi wata biyu kafin ni, sai ya kama garka a bakin gari yana noman albasa da tumatir. Matarsa Tekna da mahaifiyarku turmi ɗaya suke daka. Shi ne ya taya ni rufin ɗakunanmu, kuma a ranar ya laƙaba mini sunan da ya bi ni. Tun a kamfani Mushe ake ce mini, wato Malam da Faransanci. Ya ɗora ganga, na ce ta karkace da yatsa biyu, a sauke a sake. Ya sake, na ce har yanzu. Sai ya zauna a kan katanga ya sassauta rawaninsa ya ce:

"Mushe Lawali, daga yau sunanka Mushe Milimeta. Ruwa babu shekara uku, kai kana tsoron rufi ya yoyo."

Bindiga ta yi yawa a unguwar a wannan shekara. Wasu makiyaya sun shigo da nasu saboda ɓarayin dabbobi, wasu direbobi sun saya saboda hanya, wasu kuma sun ajiye ne kawai domin sun ji maƙwabci ya ajiye. Wata Talata da hantsi samari biyu suka yi faɗa a bakin famfo kan wanda ya riga wani ajiye jarka. Ɗaya ya ruga bukkar wansa ya ɗauko bindiga. Bai sami abokin faɗan ba. Harsashin ya ratsa zana ya sami Hajo mai ƙosai tana zaune a gaban kaskonta, ta faɗi gefe, man yana ci gaba da tafasa. Wanda ya yi harbin ɗan kudu ne, bindigar kuwa daga arewa ta fito, saboda haka kowane ɓangare ya sami wanda zai zarga. Washegari jandarmomi suka mamaye unguwa, suka kwance bukkoki, suka zazzage jakunkunan mata a kan rairayi. Ba su samu komai ba, domin rairayin da suke takawa shi ne ma'ajiyar.

Ranar sadakar uku, shugaban jandarmomin, Ajidan Hamani, ya zo zauren liman ba bindiga, ba rakiya. Bazabarme ne, dogo, mai furfura a gefen kai. Ya cire takalmansa ya zauna a kan tabarma, aka yi addu'a. Da aka shafa, bai tashi ba.

"Allah gafarta Malam," ya ce wa liman, "na birkice unguwar nan tun safe har la'asar, na samu adda biyu da wuƙar yankan albasa. Ni na san akwai, ku ma kun san akwai. In na dawo da ƙarfi, ba zan samu ba. In na bari, za mu sake zama a kan tabarmar nan saboda wata Hajo. Ku gaya mini yadda za a yi ku kawo da kanku."

Kun san Zabarmawa da Abzinawa abokan wasa ne, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa, kuma ba a fushi a kan haka. Amumun ne ya amsa masa.

"Ajidan, tun yaushe bawa yana zo gidan ubangijinsa yana tambaya bindiga?"

"Tun ranar da ubangijin ya sauka daga raƙumi ya koma ban ruwan albasa," in ji Ajidan. "Dubi ƙafarka, duk taɓo."

Dattawa suka yi dariya, dariyar farko a unguwar tun ranar Talata. A kan wannan dariya aka gina duk abin da ya biyo baya. Aka yi kwana huɗu ana tattaunawa, aka daidaita kamar haka. Duk mai bindiga zai kawo ta zauren liman a naɗe cikin tabarma ko buhu, ya ajiye ya tafi. Ba za a tambaye shi suna ba, ba za a rubuta ba. Jandarmomi za su daina shiga gidajen unguwar, sai dai su zagaya da rana tare da dattijo ɗaya daga cikinmu. Rikicin famfo da na iyaka za a fara kawo shi gaban dattawa kafin ya kai bariki. Ajidan ya ce yana bukatar takarda da zai nuna wa manyansa, wadda za ta faɗi irin bindigogin da aka karɓa da adadinsu. Aka dubi juna, kowa ya dube ni. Haka na zama mai riƙon rajista.

Sharaɗi ɗaya Amumun ya dage a kansa har muryarsa ta tashi. Ya ce kowace Juma'a bayan masallaci a yanke ƙarfen bindigogin a gaban jama'a, ƙotar kuma, wato itacen da ake dogarawa a kafaɗa, a ƙone ta ƙurmus. Ajidan ya ce ƙarfen ne yake kisa, mene ne ruwansa da itace? Amumun ya ce in ba za a ƙone itacen ba, to mutanensa ba za su kawo ko ɗaya ba. Aka yarda. Na ɗauka wani camfi ne na mutanen daji, ban tambaya ba. Wannan shi ne kuskurena na farko.

Mako biyu na farko ba abin da ya zo sai tsofaffin bindigogin toka na ƴan kudu, irin waɗanda ko zomo ba ya tsoro. Abzinawa suna kallo daga nesa. Sai wata rana Amumun ya same ni a ƙofar gida ina gyara ƙafar kujera, ya tsuguna, ya daɗe yana wasa da yashi kafin ya yi magana.

"Mushe, kai ne kana rubutu. Ƴan'uwana sun ce, takarda na gwamnati yana da dogon rai. Ajidan yau yana nan, gobe babu shi. Takarda yana nan."

Na ce masa, "Babu suna a ciki."

"Ko ɗaya?"

"Ko harafi ɗaya na sunan mutum. Ka taɓa jin na faɗi abu ya zama ba haka ba?"

"A'a," ya ce. "Shi ya sa na zo wurinka, ban tafi wurin Bazabarme ba."

Ya yi kwana biyar a zangon danginsa wajen Gugaram. Ya dawo da jaki ɗauke da ciyawa, ya wuce kai tsaye zauren liman da rana tsaka, kowa yana gani, ya sauke ciyawar, ya fitar da bindigogi uku na yaƙi daga ƙarƙashinta. Ɗaya tasa ce, biyu na ƙannensa. Daga ranar hanya ta buɗe. Tsofaffin mata suna zuwa da tabarma a ka kamar za su kasuwa, su ajiye su juya.

Ga yadda nake aikina. Kafin Juma'a nakan shiga ƙuryar zauren ni kaɗai, domin an yarda kada kowa ya ga abin da wani ya kawo, in rufe ƙofa, in ɗauki bindigogin ɗaya bayan ɗaya. Na ja layuka biyar a rajistar: lambar jeri, irin bindigar, lambar da aka buga a ƙarfenta, halin da take ciki, sai layi na ƙarshe na abin da aka lura. A kan ƙotar yawancin bindigogin Abzinawa akwai ɗan zane da aka yi da ƙarfe mai zafi: wata da'ira da sanda a ƙarƙashi, wata layuka biyu da ɗigo uku, wata kamar sawun tsuntsu. Na ɗauka ado ne, irin wanda maƙeransu suke yi a jikin cokali da sirdi. Amma ido ya gani, kuma layi na biyar yana nan a buɗe. Na zana kowanne daidai da girmansa, na auna, ban bar ɗigo ba.

Sau biyu aka ba ni damar tsayawa. Na farko, Ajidan Hamani ya duba shafin farko ya ce, "Mushe, adadi kawai nake so, wannan duk wahala ce." Na amsa masa cewa in adadi kawai yake so, ya sa ɗaya daga yaransa ya ƙirga da yatsa, ni ba na yin rabin aiki. Ya yi murmushi ya bar ni. Shi mutumin bakin kogi ne, shi ma bai san abin da yake kallo ba. Na biyu ya fi nauyi a raina. Wata safiya ina mayar da rajistar cikin jaka, mahaifiyarku ta kawo mini koko, idonta ya faɗa kan shafin.

"Malam, wannan mai da'irar da sanda, ai kamar shi ne a wuyan jakin su Tekna."

Na rufe littafin na ce mata rajista ba abin kallon mata ba ce, kuma kowace da'ira tana kama da ƴar'uwarta. Ta ce, "To, da ka nuna wa Amumun." Na ce an yi alkawari ba mai gani sai ni da Ajidan, ba zan karya ƙa'ida domin jaki ba. Ta ɗauki kwanonta ta fita. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta rasu, ko a ranar da take da cikakken ikon tayarwa. Ku riƙe mata wannan.

Kowace Juma'a wani tsohon maƙerin kamfani yakan zo da wutar yankan ƙarfe, ya raba kowace bindiga gida uku, a tara ƙotocin a cinna musu wuta. Nakan ga Abzinawa suna tsaye har itacen ya zama toka, sa'an nan su watse. Dole in faɗi alherin abin, domin mutane sun manta da shi. Wata biyar ba a ji ƙarar bindiga a Bukkoki ba. Jandarma yana wucewa tare da dattijo, mata ba sa tattara yara su shige ɗaki. An raba ranakun famfo tsakanin layuka, aka sa tsofaffin mata biyu su kula, kuma samari sun fi tsoron bakinsu fiye da bariki. Wasu unguwanni suka aiko a gaya musu yadda muka yi. Na yi zaton mun sami hanya, kuma har yau ina da yaƙinin cewa hanyar daidai ce. Ba ita ce ta karye ba. Ni na karya ta.

A farkon bazara aka tare kwamba a hanyar Agadas, aka kashe mutane, har da sojoji. Cikin mako guda aka ɗauke Ajidan Hamani aka mayar da shi kudu. An ce ya cika zama a kan tabarma. Bai sami ko sallamar liman ba. Aka kawo wani hafsa matashi daga wani wuri, wanda ba zan ambaci sunansa ba. An ce ɗaya daga cikin waɗanda suka mutu a hanyar abokin karatunsa ne. Kwana uku da isowarsa ya aiko a kira ni da rajistar.

Na tafi da ita a hammata ba tare da fargaba ba. Liman ya tare ni a hanya ya ce ko in ce ta ɓace. Na ce masa ban taɓa ɓatar da takarda ba, ba kuma zan fara ƙarya da furfura ba. Bayan haka, babu abin da ke ciki da zai cuci kowa. Hafsan ya karɓe ni da ladabi, ya ba ni kujera, muka yi magana da Faransanci. Ya buɗe shafukan a hankali. A gefen ɗakin akwai wani tsoho Ba'abzine a tsugune, jagoran da yake nuna wa soja hanyoyin hamada. Hafsan ya daɗe a kan layi na biyar, sa'an nan ya yafito tsohon ya ce ya duba. Tsohon bai iya karatu ba, ya ma riƙe littafin a karkace. Amma da idonsa ya sauka a kan zanen, sai ya ɗora yatsa ya fara faɗi da Hausa, a sanyaye, kamar yadda nake karanta jarida.

"Wannan na gidan wane, suna zama kusa da rijiya kaza. Wannan na mutanen kwari kaza. Wannan, da'ira da sanda, uku, na gidan uban Amumun, mai garka."

Na tambaye shi abin da yake nufi, ko da yake cikina ya riga ya ba ni amsa. Ya dube ni da mamakin cewa akwai babban mutum da bai san wannan ba. Ya ce tambarin raƙuma ne. Kowane gida a Abzin yana da nasa, ana gadonsa daga kaka, ana buga shi da wuta a wuyan raƙumi da jaki, a kan sirdi, a kan duk abin da mutum ba ya son ya ɓata. Yaro yana sanin tambarin gidaje kafin ya san ƙirga. Shekara ashirin da wani abu na yi a ƙasarsu, raƙumansu suna wucewa ta gabana kowace safiya, ban taɓa tambayar abin da ke wuyansu ba. Abin da Amumun ya sa aka ƙone a gaban jama'a kowace Juma'a, ni na riga na kwafe shi ranar Alhamis, da ma'auni.

Na miƙe tsaye. Na gaya wa hafsan cewa an yi alkawari, da bakin hukuma, a gaban liman. Cewa waɗannan su ne mutanen da suka kawo makamansu da hannunsu. Cewa in za a nemi masu laifi, a neme su cikin waɗanda ba su kawo ba. Ya saurare ni har na gama. Ya ce alkawarin na wanda ya gabace shi ne, kuma ba a rubuce yake ba. Ya ce gidan da ya iya fitar da bindigogin yaƙi uku ya san inda ake samun ta huɗu. Sa'an nan ya rufe rajistar ya ɗora tafinsa a kai.

"Mushe, na ga takardu da yawa a aikina. Ban taɓa ganin mai tsabta irin wannan ba."

Daga barikin na nufi garkar Amumun da sauri irin wanda ban yi ba tun ina saurayi. Motar bariki ta riga ni. Na tarar da ruwa yana gudu a kwalbatin albasa ba mai juya shi, takalminsa ɗaya a bakin rijiya. A cikin kwana biyu aka ɗauki ƙannensa biyu a zango, da wasu mutum shida daga gidajen da tsohon ya ambata. Aka tafi da su wani wuri a gabas da ba a gaya wa kowa ba.

Na rubuta wasiƙu. Na rubuta wa hukumar gari, na rubuta wa Ajidan Hamani, wanda ya amsa da layi uku cewa yanzu ko ƙofar ofishinsa ba shi da iko da ita, kuma in gaishe masa da ubangijinsa in ya dawo. Liman ya je bariki sau huɗu, ana barinsa a rana. Ranar Juma'ar da ta biyo baya maƙerin ya zo da wutarsa kamar kullum, ya zauna a ƙofar zaure har la'asar. Ba wanda ya kawo ko harsashi. Dattawan da suke zagayawa da jandarmomi suka fara ciwon ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Kafin damina, wadda ita ma ba ta zo ba, an harbe wani direba a bakin tasha da rana, kuma duk wanda ya gani ya ce bai gani ba.

Tekna ba ta yi mini ihu ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. A wurinsu bukka ta mace ce, ita take kafawa, ita take kwancewa. Wata safiya na fito na tarar tana zare sandunan tana naɗe tabarmi, mahaifiyarku tana taya ta ɗauri tana kuka. Na tsaya daga nesa na yi sallama, na ce ina so ta san ban rubuta sunan kowa ba. Ba ta daina ɗaurin ba.

"Mushe, shi ya tafi daji, ya ce ma ƙannensa, akwai mutum ɗaya cikin Hausawa, maganarsa ba ya karkace ko yatsa biyu. Uwarsu ya ce kada ku ba da. Shi ya ce, ni na tsaya." Ta ja igiyar ta ƙulle. "Yanzu ni zan tafi wurin tsohuwa nan. Gaya mini abin da zan ce."

Ta ɗora kayan a kan jakin, na ga da'irar da sandar a wuyansa, a fili, inda take tun ranar da muka tare a unguwar.

Shekara ɗaya da wata bakwai suka yi. Da aka fara maganar sulhu aka sako su, ban da ƙaramin ƙanen, Bahedi, wanda ciwon ƙirji ya kashe a tsare. Na ji labarin dawowar Amumun daga bakin mai sayar da gawayi. Ya ce yana tsohuwar garkarsa, ya zo ya ga ko akwai abin da ya rage kafin ya wuce Gugaram. Na sa rigata mai kyau, na tafi da hantsi.

Garkar ta zama fili, shingen ma an cire an yi makamashi. Yana zaune a ƙarƙashin ƴar bishiyar da ta tsira, da ɗan murhun gawayi a gabansa. Ya rame har rawanin ya yi masa yawa, kuma na lura da hannun hagu yake komai, na daman yana kwance a cinyarsa. Na yi sallama, ya amsa, ya nuna mini gefen tabarma. Muka gaisa gaisuwa cikakkiya, ya tambayi Rabi, ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Na yi masa ta'aziyyar Bahedi. Sa'an nan na faɗi abin da na shirya tun a hanya, a tsare: cewa ban san ma'anar zanen ba, cewa Rabi ta faɗakar da ni na ƙi ji, cewa laifin nawa ne ba na Ajidan ba, kuma ina roƙon gafararsa in zai iya.

Ya ɗora ƴar butar shayi a kan gawayi, ya yi ta fifita da gefen rigarsa.

"Na sani ba ka sani ba," ya ce. "A can sun nuna mini littafin. Kullum suna buɗe, suna ce, wannan na wa? Ni ina duba." Ya ɗaga murfin ya leƙa, ya mayar. "Mushe, ubana da kansa, in ya buga ma raƙumi, wani lokaci sanda yana karkace. Naka bai karkace ba. Na ce musu nawa ne. Yaya zan ce ba nawa ba?"

Ya zuba shayin daga sama da hannu ɗaya, ya mayar cikin buta, ya sake zubawa har kumfa ta tashi. Ya miƙo mini, na sha, shi ma ya sha. Kun san shayinsu zagaye uku ne, kuma ba a sallamar baƙo, baƙo ma ba ya tashi, sai an sha na uku. Na ajiye kofin a gabansa na gyara zama. Ya ɗauke shi ya ɗauraye da ɗan ruwa, ya ɗauraye nasa, ya goge su da bakin rawani, ya sa su cikin akwatinsu. Ya zubar da ganyen, wanda ko rabin ƙarfinsa bai fita ba, a gindin bishiyar. Ya kife murhun a kan yashi, ya bi garwashin da tafin takalmi har ya mutu.

"Rana yana yi," ya ce. "Hanya na da nisa."

Na tashi daga kan tabarmar domin ya naɗe ta.